Kurmin Ngel Nyaki: Dajin Da Ba A Shiga Da Gatari

 A wannan watan fita za mu yi, kuma fitar mai nisa ce, saboda haka sai ki gyara zama.

Amma kafin mu kama hanya ga wani ɗan gwaji da za ki yi a tsakar gidanki. Bayan an ci tuwon dare ki tara yara, ki tambaye su abin da suka sani game da daji. In dai a Dutsi kike, ko Mashi, ko Mani, ko Sandamu da Daura, kusan na san amsar da za ki samu. Babban zai ce ai can ne ɓarayin shanu da masu satar mutane suke ɓuya, ƙaramin kuma ya ce can ake samo itace da gawayi. Ba laifinsu ba ne. Yaron da ya tashi a 'yan shekarun nan bai taɓa jin an ambaci dajin Rugu a rediyo da alheri ba. Su kuwa dazuzzukan da kakanni suke ba mu labari, inda mace ba ta zuwa itace ita kaɗai don tsoron kura, tuni suka koma gonaki. Abin da ya rage mana shi ne gawo a tsakiyar gona, da kuka, da aduwa, da 'yar magarya, sai darbejiya a bakin titi. Ke nan muna renon yaran da ba su san daji ba sai a matsayin abin tsoro ko abin ƙonawa.

Shi ya sa nake son ki san da zaman wani daji a nan Arewa wanda ba haka yake ba, ki kuma fara yi wa maigida naci har Allah Ya sa wata rana ku kai yara su gani. Sunansa Kurmin Ngel Nyaki, yana kan tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Sunan Fulatanci ne, nyaki kuwa ƙudan zuma ke nan a wannan harshe. Tun a watan Afrilu na 1969 hukumar En'e ta Gashaka da Mambila ta keɓe shi a matsayin gandun daji, aka hana sara da farauta a cikinsa. Faɗin gandun duka murabba'in kilomita 46 ne, amma ainihin kurmin mai duhu bai wuce wajen 7 ba, sauran ciyawa ce da tsirarun itatuwa. Ƙarami ne ƙwarai, sai dai irinsa kaɗan ne suka rage a ƙasar nan, wato kurmin da ya tsiro a can saman tsauni, tsakanin mita 1,400 zuwa 1,600 sama da teku. Mu nan ƙasar tamu wajen mita 500 take. Don haka ke da kike amsa sunan 'yar Dutsi, ranar da kika hau Mambila za ki dawo kina jin nauyin faɗin sunan garinku.

Ba zan ɓoye miki ba, tafiyar kwana biyu ce, ta fi kilomita 1,000. Rana ta farko ku yi sammako ku bi ta Daura da Kazaure ku shiga Kano, daga nan ku miƙe Gombe. In direba mai juriya ne, kuma mota lafiyayya, sai ku wuce ta Billiri da Kaltungo, inda yara za su fara ganin duwatsu masu tsini suna tasowa daga cikin gonaki, ku haye gadar Binuwai a Numan, ku kwana Jalingo. In kuwa da ƙananan yara, ni dai shawarata ku kwana Gombe, tafiyar ta zama ta kwana uku. Sannu ba ta hana zuwa, kuma hanyar Numan zuwa Jalingo ba wadda ake so dare ya riski mutum a kanta ba ce. Guzuri kin fi ni sani: dambun nama, kilishi, cincin, garin kwaki da ƙuli, da jarkar ruwa ta alwala daban da ta sha.

Daga Jalingo hanya ta yi kudu, ta Garba Chede da Bali zuwa Serti. Tun daga Bali za ki lura ƙasa ta canja, ciyawa ta fi mutum tsawo, koguna da ruwa a kwance ba rairayi ba, duwatsu kuma suna ƙara matsowa har su tare gaba. A Mayo Selbe ne hanyar miƙe take ƙarewa. A nan ya kamata a tsaya a yi salla, direba ya duba birki da ruwan mota, ke kuma ki fito da rigunan sanyin yara daga cikin jaka, ko da kuwa a lokacin gumi suke yi. Ki ajiye leda da lemon tsami kusa da hannu, domin yaron da bai taɓa amai a mota ba yana iya farawa a wannan hawa.

Hawan Mambila abin a ba da labari ne. Titi ne da aka sassaƙa a jikin dutse, yana lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun. Kunne yakan toshe, sai an haɗiyi yawu ya buɗe. Akwai wani wuri da ake kira Hawan Biyu da Sisi, ana cewa sule biyu da sisi ne ladan da ake biyan ɗan dako ya hau da kaya a ka, tun kafin mota ta san wurin. Ki gaya wa yara wannan, musamman wanda yake ƙorafi in an aike shi ɗebo ruwa a famfon unguwa. Salati dai za ki yi shi ko ba ki yi niyya ba. Abin da zan roƙe ki shi ne kada tsoro ya sa ki rufe ido, domin in kika waiwaya a wata kwana kika ga ƙasar da kuka baro shimfiɗe a can ƙasa, gajimare yana yawo a ƙarƙashinku maimakon a samanku, wannan kallon shi kaɗai ya biya kuɗin mai.

Wataƙila babbar 'yarki ta tambaye ki dalilin da ya sa ake kiran wuri mai nisa haka da sunan Sardauna. Amsar tana cikin tarihi. Wannan yanki a da ƙarƙashin Jamusawa yake, cikin ƙasar Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen yankin suka zaɓi zama a Nijeriya bayan zawarcin da Sa Ahmadu Bello ya yi musu, aka kuma sa wa lardin suna Lardin Sardauna. Da ƙuri'ar ta juya, da yau sai da takardar ƙetare iyaka za ki je.

Abin da zai fara ba ki mamaki in kun ƙare hawa shi ne babu daji. Kin yi kwana biyu kina zuwa ganin kurmi, sai ga ki a fili fetal, tuddai marasa iyaka lulluɓe da gajeriyar ciyawa, wani bayan wani kamar an kife ƙwarya, shanu fari da ja a warwatse a kansu. Sanyin wurin ya hana ƙudan tsando zama, shi ya sa Fulani suka hau da dukiyarsu suka zauna, tare da Mambilawa da Kaka da sauran ƙabilun da suke noman masara da gwaza da dankalin Turawa. Hausawa ma ga su nan a kasuwannin Maisamari da Nguroje da Gembu, saboda haka ba za ki rasa wanda zai ji maganarki ba. Dogayen itatuwan da za ki gani kewaye da gidaje turare ne, dasa shi aka yi, ba ɗan asalin wurin ba ne, da shi ake gini da girki. A Kakara kuma akwai gonakin ganyen shayi, jere kore shar kamar an yi musu aski, daga nan ake yin shayin Highland. Yaran da suka ɗauka a kanti ake haifar ganyen shayi, ga ranar wayewarsu.

To ina kurmin? Ɓoye yake. A tsakanin Maisamari da Nguroje akwai wani ƙauye da ake kira Yelwa (ba ta Yawuri ba, kada maigida ya kai ki Kebbi). Daga nan ake takawa a ƙasa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, a bi ta cikin ciyawa ana hawa ana sauka. Kina cikin tafiya sai kawai ƙasa ta yanke a gabanki, ki ga gangare ya zurma, an cika shi maƙil da kawunan itatuwa, kore mai duhu, wani wurin ja-ja saboda sabon toho, hazo yana tasowa daga ciki kamar an buɗe tukunyar dambu. A bakin wannan gangare tashar masu bincike take. Ki zauna a nan tukuna ki huta, ki bar kunnenki ya yi aiki. Kafin ki ga komai za ki ji ƙarar ruwa a can ƙasa, da kukan tsuntsayen da ba ki san sunan ko ɗaya ba.

Shiga ciki kamar shiga soron gidan sarauta ne da tsakar rana. Taku goma daga bakin ciyawa haske ya ragu, iska ta tsaya, sanyi mai laima ya sauko miki. Ƙasa ba ta ƙara a ƙarƙashin takalmi, domin ruɓaɓɓen ganye ne shekara da shekaru ya taru ya yi laushi, ƙanshinsa kamar na ƙasar da ta sha ruwan fari. Itatuwan ba irin namu ba ne masu buɗe rassa tun daga ƙasa. Miƙewa suke yi sambal, wasu sun fi mita 30, ba reshe ko ɗaya sai can sama inda suke haɗa kai su yi rumfa, kowa yana neman rabonsa na rana. Saiwoyin wasu a waje suke, fala-fala kamar bangon ɗaki, yaro zai tsaya a tsakaninsu ba a gan shi ba. Jikinsu duk gansakuka, waɗansu tsire-tsire kuma sun yi zamansu a kan rassa, ba ruwansu da ƙasa. Ga wasu masu naɗo kamar igiyar guga, sun sauko daga sama har ƙasa.

Ki sa ɗan rakiya ya nuna muku wani ɗan'uwan ɓaure da ceɗiya mai mugun hali. Tsuntsu ne yake kashayar da irinsa a kan reshen wata bishiya, ya tsiro a can, ya riƙa sako saiwoyi ƙasa a hankali, ya rungume mai masaukinsa, ya yi ta matsewa har bayan shekaru ta mutu ta ruɓe, ya rage shi kaɗai tsaye da rami a cikinsa. Na san akwai wadda za ta karanta wannan ta tuna da wani baƙo da ya taɓa sauka a gidansu. Akwai kuma wani itace da ake sassaƙar ɓawonsa a kai Turai a yi maganin ciwon mafitsara na dattawa maza, wanda yawan sassaƙa ya sa ya yi ƙaranci a duwatsun Afirka da dama. Nan yana cikin masu samun mafaka. Sai dai duk kallon sama da za ki yi, ki riƙa duban ƙasa, domin kwarkwasa tana yin layi ta tsallaka hanya, wanda ya taka ta kuwa zai yi rawar da bai shirya ba.

Su yara birai za su tambaya, kuma za su gani in sun iya yin shiru. Akwai kirka, akwai gwaggon biri a bakin kurmin, akwai kuma wani baƙin biri mai ɗigon fari a hanci kamar ya tsoma shi a garin tuwo. Wannan na ƙarshe yana da labari. A 2006 wasu masana da suka yi aiki a dajin Gashaka, nan ƙasan tsaunin, suka bayyana cewa namijinsa yana da kuka iri biyu na gargaɗi, ɗaya ya fi yin sa in haɗarin daga ƙasa ne kamar damisa, ɗaya in daga sama ne kamar gaggafa. Amma in ya jera su biyun a wani tsari, sai ma'anar ta koma "ku tashi mu tafi", iyalinsa kuma su kama hanya. Wato dai maigida ne yake cewa a fito a shiga mota, bambancin kawai shi ana jin maganarsa tun kira na farko.

Babban mai gidan kurmin kuwa da wuya ki gan shi. Shi ne wanda Hausawan yankin suke kira biri mai ganga, saboda yakan daki waɗancan faffaɗan saiwoyi da hannu da ƙafa, ƙarar ta ratsa daji kamar ana kiɗa. Babban biri ne mara wutsiya, kuma irin wannan jinsin nasa babu shi a ko'ina a duniya sai Nijeriya da Kamaru. Ƙiyasin masu bincike ya nuna waɗanda suke Ngel Nyaki ba su kai 20 ba. Suna gudun mutane, kuma suna da hujja. Abin da za a iya nuna muku shi ne shimfiɗarsu, domin kowane dare sai kowannensu ya lanƙwasa rassa ya yi sabon gado a saman bishiya, sai uwa da take kwana da jinjirinta. Wani lokaci kuma a tsinci 'yan sandunan da suka fere suka zura a rami don lasar zuma ko kamo tururuwa. Ki dubi fuskar ɗanki a lokacin da aka miƙa masa irin wannan tsinke aka ce dabba ce ta gyara shi da hannunta.

Ni kuwa a duk mazauna kurmin wadda ta fi burge ni ita ce gafiya. E, gafiyar nan dai da muke bi da taɓarya in ta shigo rumbu. Manyan itatuwan nan wasunsu 'ya'yansu masu nauyi ne, iska ba ta ɗaukarsu, in kuma suka faɗi a gindin uwa ba sa yin rai. Birai da tsuntsaye suna kai wasu nesa a cikinsu. Ita kuwa gafiya, kamar yadda ɗaliban da suka bi sawunta a nan suka gano, ɗauka take yi ta je ta binne a wurare daban-daban don ajiyar gaba. Wasu ta dawo ta ci, wasu ta manta, waɗanda ta manta su ne suke tsirowa. Mu muna cewa gafiya tsira da na bakinki, ashe a can na bakin nata shi ne dashen gobe. Wannan ne ya sa tarkon mafarauci ɗaya yake cutar da kurmin kamar gatari, domin in aka ƙarar da masu ɗaukar iri, itatuwan za su tsufa a tsaye ba magada.

Idan ƙafafunki za su iya, ku gangara har inda ruwan yake. Ƙorama ce 'yar ƙarama, garau, mai sanyin da yake sa haƙori tsami, tana gudu a kan duwatsu. Abin lura shi ne tana gudu har a cikin rani, lokacin da ciyawar saman tudu ta bushe ƙayau. Ruwan da yake sauka a nan a shekara yana kai milimita 1,800, kusan ninki uku na abin da muke samu a ƙasar Daura, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Amma yawan ruwan sama ba shi ne ke sa rafi ya rayu ba. Mu ma ai mun san ruwan da ake yi kamar da bakin ƙwarya a Agusta, ya cinye gona ya rushe katanga, bayan kwana biyu a neme shi a rasa. Bambancin shi ne a kurmi ganye ne yake fara tare ruwan ya rage masa ƙarfi, ya sauka a kan wancan ruɓaɓɓen ganye mai kama da soso, ya nutse a hankali ta bin saiwoyi, sa'annan ƙasa ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har wata damina. Kamar uwargida mai tattali ce da ta karɓi kuɗin cefanen wata ta iya kai shi ƙarshen wata. Daga irin waɗannan ƙoramu na Mambila da Gashaka ake haɗa kogunan Donga da Taraba, su kuma su zuba a Binuwai ɗin da kuka haye a Numan. Mu da labarin kafuwar ƙasarmu ya rataya a kan rijiya ɗaya, Kusugu, wadda aka ce ba a samun ɗiba sai ranar Juma'a, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan darajar ruwan da ba ya yankewa ba.

Ba haka kawai kurmin ya kawo yau ba, akwai masu wahala a kansa. Gwamnatin Taraba ce take da shi, da ma'aikatan gandun dajinta, sa'annan tun farkon shekarun 2000 wata malama daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan, Hazel Chapman, ta kafa aikin bincike a wurin. Mahaifinta ma'aikacin daji ne da ya zagaya waɗannan duwatsu a shekarun 1970 yana rubuta itatuwansu, ita kuma ta dawo ta ɗora daga inda ya tsaya. Yawancin masu aikin yau da kullum 'yan Yelwa ne da kewaye, tare da ɗalibai daga jami'o'in Gombe da Taraba da wasunsu. A 2014, da tallafin Janar T. Y. Danjuma, aka ware kadada 20 a cikin kurmin, aka bi duk wani itace da kaurinsa ya kai na ɗan yatsa, aka auna shi, aka rataya masa lamba, aka rubuta inda yake. Sun ƙirga sama da 40,000, iri fiye da 100. In kin ga ƙananan lambobin ƙarfe a jikin itatuwa, to su ne, a ja wa yara kunne kada su cire. Ki tsaya ki kwatanta: iri nawa za ki iya lissafawa daga ƙofar gidanki zuwa kasuwar Mashi?

Abokan gabar kurmin biyu ne, wuta da kofato. Kowace shekara da rani ana cinna wa ciyawa wuta don sabon toho ya fito wa shanu, wutar kuma takan lashi bakin kurmin ta ci 'yan ƙananan itatuwa. Abin da ya tsira, shanu su tattake. A haka yake ja da baya taku-taku. Ba na son ki ɗauka makiyayin mugu ne. Shi ma ciyawa yake nema wa abin da yake ciyar da 'ya'yansa, kamar yadda ke ma ba ƙiyayya ce take sa ki sayi itacen girki ba. Ƙasa ce ta yi kaɗan, masu buƙata suka yi yawa, har takan kai ga rikici, kamar wanda aka yi a tsaunin a 2017 aka yi asarar rayuka. Abin da masu aikin suka gwada mai sauƙi ne. Sun kewaye wasu filaye a bakin kurmin da waya, suna share ciyawa a gefe don tare wuta, suna kuma renon 'ya'yan itatuwan wurin suna dasawa. Ki roƙa a nuna miki irin wannan fili, ki tsaya a jikin wayar ki dubi hagu ki dubi dama. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, amma ɓangare ɗaya gajeriyar ciyawa, ɗayan kuwa matasan itatuwa sun fara fin mutum tsawo.

In kin ga wannan za ki tuna da maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka. Tun daga shekarun 1980 manoman Maradi, daga baya har da na Damagaram, suka koma barin kututturen da ya yi toho a gona maimakon sassabe shi, su rage rassa biyu ko uku masu ƙarfi su bar su su girma. Sassaben zamani suke ce masa. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kadada miliyan 5, kuma mata suna cikin waɗanda suka fi cin moriya, domin itacen girki ya dawo kusa da gida. Gonarku ta Dutsi ba za ta zama Ngel Nyaki ba, ruwanmu bai kai ba. Amma ɗan gawon da ya tsiro a gefen kunya, wanda yaro zai fyaɗe da fartanya ba tare da tunani ba, yaron da ya taɓa tsayawa a jikin waccan waya zai yi jinkiri kafin ya ɗaga hannu.

Game da lokacin zuwa, hutun ƙarshen shekara ya fi dacewa. Babban hutu na Agusta tsakiyar damina ne a can, hanya da santsi, hazo yakan rufe gaba har direba ya kasa ganin bakin titi, gangaren kurmin kuma ba ya takuwa. Wanda ya samu dama a Nuwamba ya fi kowa sa'a, ruwa ya ɗauke, tuddai ba su gama bushewa ba. Da rana da wuya zafi ya dame ki, amma dare sai da bargo, ko ke da kika saba da hunturun Katsina. Ki tanadi safa da hular sanyi ga yara da man shafawa mai kauri. Ranar shiga kurmi ki bar takalmi mai tsini da silifas a masauki, ki sa na roba mai rufi ko kambas, da wando a ƙarƙashin zane ko doguwar riga, hijabin kuma matsakaici mai duhun launi, domin dogo har ƙasa ƙaya da rassa za su yi ta riƙe shi. Mai tsohon ciki da mai jinjiri da wadda take fama da gwiwa su tsaya a bakin gangare, kallon daga nan ma ya isa. Yaro kuwa in ya kai shekara bakwai zai iya.

Kada ku faɗa wurin kamar daga sama. Tun kuna gida maigida ya nemi wani da ya san yankin, ko cikin 'yan kasuwar da suke hawa da sauka, ya ji halin da hanya take ciki a wannan makon, domin labarin bara ba ya amfani a sha'anin tsaro. In kun isa Yelwa a fara gaida masu gari, a nemi izinin ma'aikatan gandun, su ba ku ɗan rakiya. Ba a shiga ba shi, ko da maigida ya ce shi ɗan daji ne tun yana yaro. Masauki ana samu a Gembu, kuma tafiya da rana kawai. In kuna da sauran kwana a dawowa, a Serti ne ofishin gandun Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a Nijeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Hawansa dai aikin kwanaki ne, ki bar wa samari.

Saura tsaraba, don na san ba za ki shiga Dutsi hannu rabbana ba. A cikin kurmin ba a ɗaukar komai, ko tsiro ko 'ya'yan itace, ba a kuma barin komai, ledar biskit ɗin yara ta dawo a jakarki. In wani ya tare ku a hanya da ɗan biri a ɗaure yana neman mai saye, kada tausayi ko nacin yara ya sa ku biya, domin sai an harbe uwar ake samun ɗan, kuɗinku kuma shi zai sa a koma a harbo wata. Ki bari sai kasuwar Nguroje ko Gembu ki sayi ganyen shayi, da zuma, da man shanu, da ayaba. Fiya kuwa ki zaɓi ɗanya mai tauri ki naɗe ta a takarda, kafin ku iso Kazaure ta nuna.